Ni A, ita B, yaron ya fito O

Assalamu alaikum Hajiya. Ina rubuto miki daga Anguwar Rogo a nan Jos, kuma ina roƙon ki sakaya sunana. Shekararmu shida da aure. 'Yarmu ta fari tana da shekara huɗu, wata uku da suka wuce kuma Allah Ya ba mu namiji, na sa masa sunan mahaifina. Kwana huɗu da haihuwarsa idonsa ya yi ɗorawa, aka ce shawara ce, aka kwantar da shi aka yi masa gwaje-gwaje. Ya warke, alhamdu lillahi. Sai dai a takardar na ga an rubuta rukunin jininsa O negatif. Ni A fozitif ne, matata B fozitif, 'yarmu kuma AB fozitif. Na nuna wa yayata, wadda ita ta riƙe ni tun ina ƙarami, sai ta ce ta yarinyar kam ta gane, A nawa ne, B na uwarta, amma shi wannan O ɗin a ina aka samo shi? Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Ban ce wa matata komai ba, amma na daina zama cin abinci a ɗakinta, kuma ba na iya ɗaukar yaron. Da ta tambaye ni na ce mata kasuwa ce. Kafin aure an yi mana gwaji, ni AS ita AC, aka ce ba matsala tunda ba AS biyu ba ne, shi ya sa ban taɓa damuwa da maganar jini ba sai yanzu. Wallahi ban taɓa ganin abin zargi a tare da ita ba. Wani abokina ya ce in ɗauki yaron a ɓoye in kai shi Abuja a yi gwajin DNA. Me zan yi?

Wa alaikumus salam ɗana.

Bari in fara da abin da zai sa ka yi barci yau. Mai A da mai B suna haifar mai O, kuma ba wani abin al'ajabi ba ne da sai an shekara ba a gani ba. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin gwajin jini kafin in yi ritaya, irin wannan takarda ta sha bi ta hannuna. Takardar da ke hannunka ba ta ba da shaida a kan matarka ko da ta kalma ɗaya ba. In ma za a bi diddigin O ɗin nan da yayarka take tambaya, to rabinsa daga jikinka ya fito, ka yi shekara talatin da wani abu kana yawo da shi ba ka sani ba.

Na san faɗa kawai ba za ta ishe ka ba, don zuciyar da ta yi wata uku tana saƙa ba ta kwancewa da jimla ɗaya. Don haka ka ɗauko takarda da biro, mu bi abin a hankali.

Jajayen ƙwayoyin jini suna da alama a jikinsu, ka ɗauke ta kamar tsagar gado a fuska. Akwai tsaga iri A, akwai tsaga iri B. Wanda ƙwayoyinsa ba su da ko ɗaya daga cikin biyun shi ake kira O, wato fuska ce ba tsaga. Idan ka je gwaji, abin da muke yi shi ne mu ɗiga jininka a kan farantin gwaji, mu zuba wa ɗigo ɗaya ruwan magani mai launin shuɗi, ɗayan kuma mai launin ɗorawa. In ya dunƙule da shuɗin, A ne. In da ɗorawar, B ne. In da duka biyun, AB. In ya tsaya lafiyarsa ƙalau bai dunƙule da ko ɗaya ba, O. Ka lura da kyau, wannan gwajin fuska kawai yake kallo. Ba ya leƙa abin da mutum ya gada ya ajiye a ciki.

Abin da ke ciki kuwa shi ne ƙwayar gado, wadda ita ke ba jiki umarnin irin tsagar da zai yi. Wannan ƙwayar nau'i uku ce a cikin jama'a, A da B da O. Amma duk da cewa uku ce a gari, kowane mutum aljihu biyu kawai gare shi: ɗaya uba ya sa masa, ɗaya uwa ta sa masa. Babu mai ɗauke da uku, babu mai ɗauke da ɗaya. Idan ka jera yadda za a iya cika aljihu biyu da abu iri uku, za ka samu hanya shida: AA, AO, BB, BO, AB da OO. Rukunin jini kuwa huɗu ne. To ina biyun suka shiga? Sun ɓuya ne. Mai AA da mai AO duk A za a rubuta musu a kati. Mai BB da mai BO duk B. Dalili shi ne O ba ta yin tsaga, shiru take yi. Idan ta haɗu da A, tsagar A za a gani, ita kuma tana nan zaune a aljihu, ba ta mutu ba, ba ta narke ba, tana jiran ranar da za a miƙa ta ga ɗa. Ba ta bayyana sai ta haɗu da 'yar'uwarta O, aljihu biyun duk sun zama shiru.

A da B kuwa idan suka haɗu kunnen doki suke yi. Babu wadda ke danne wata, kowace sai ta yi tsagarta. Kuma ba gaurayuwa suke yi irin ta shayi da madara ba, inda launi biyu ke komawa wani launi na uku. Irin ta shinkafa da wake ce, tukunya ɗaya, amma kana ganin ƙwayar wake daban, ta shinkafa daban. Haka jinin 'yarka yake, kowace ƙwaya tana ɗauke da tsagar A cikakkiya da tsagar B cikakkiya. Shi ya sa yayarka ta gane nata nan take, don abin a fili yake. Kuskuren da ta yi shi ne ta ɗauka duk gado haka yake fitowa a fili, alhali na yarinyar ne kaɗai a cikin rukunan A da B da AB za ka kalli kati ka san abin da ke aljihu biyun ba tare da shakka ba.

Yanzu rubuta AO a gefe ɗaya, kai ke nan. Rubuta BO a ɗaya gefen, mai ɗakinka ke nan. A kowane ciki kai za ka ba da ɗaya daga cikin naka biyu, ita ma ɗaya daga nata, kuma babu mai zaɓar wanda zai bayar. In ka ba da A ta ba da B, an samu AB, 'yarka ke nan. In ka ba da A ta ba da O, yaro A. In ka ba da O ta ba da B, yaro B. In ka ba da O ta ba da O, ga mai sunan Baba. Kowanne daga cikin huɗun nan rabonsa ɗaya cikin huɗu ne. Wato yiwuwar ku haifi O daidai take da yiwuwar ku haifi AB, ba ta gaza ta da komai ba. Wadda ka karɓa hannu bibbiyu da wanda ka kasa ɗauka, ƙofa ɗaya suka fito, rabo ɗaya suka ci. Ma'aurata irinku ne ma kaɗai za su iya tara rukunan jini huɗun nan duka a tsakar gida ɗaya.

Za ka iya cewa, to ta yaya na san ni AO ne ba AA ba? Tambaya ce mai kyau. A Najeriya kusan rabin mutane O ne, kuma hakan na nufin ƙwayar O ta cika gari, har a aljihun waɗanda katinsu bai nuna ta ba. Saboda haka mafi yawan masu A a ƙasar nan, nesa ba kusa ba, AO ne. AA su ne 'yan ƙalilan. Idan mahaifinka ko mahaifiyarka akwai mai O, magana ta ƙare, kai AO ne tabbas, don mai O ba shi da abin da zai ba ɗansa sai O. Ka bincika cikin waɗanda kuke uwa ɗaya uba ɗaya ma, mai yiwuwa ka samu mai O.

Maganar negatif ɗin ma hanyar ɗaya ce, sai dai wata ƙwayar gado ce daban, ba ruwanta da ta A da B. Akwai wata alama ta uku a jikin ƙwayar jini da ake kira Rh. Mai ita fozitif, marar ita negatif. Fozitif tana rufe negatif kamar yadda A ke rufe O, saboda haka iyaye biyu masu fozitif, in kowannensu yana ɗauke da negatif a ɓoye, suna da rabon ɗaya cikin huɗu na haifar mai negatif. In ka haɗa biyun, O da negatif a yaro ɗaya daga iyaye irinku, lissafin ya zama ɗaya cikin 16. Ba kullum ba ne, amma ɗaya cikin 16 abu ne da ke faruwa a gidaje da yawa tsakanin Anguwar Rogo da Gangare ba tare da kowa ya sani ba, don yawancin mutane ba su taɓa jera katin 'ya'yansu sun duba ba.

Wannan ilimin ba sabo ba ne. Wani likita ɗan ƙasar Ostiriya, Karl Landsteiner, shi ya gano rukunan jini a birnin Biyana a 1901, ta hanyar haɗa jinin abokan aikinsa yana duba wanda ya dunƙule da wanda bai dunƙule ba. Uku ya samu, ya kira su A da B da C, daga baya C ta koma O. A shekarar da ta biyo baya aka gano AB. Amma yadda ake gadonsu sai da ya rikita masana sama da shekara ashirin, har 1924 da wani masanin lissafi a Jamus, Felix Bernstein, ya nuna cewa ƙwaya ɗaya ce mai nau'i uku. Na kawo maka wannan ne don kada ka raina yayarka a zuciyarka. Abin da ya ɗaure mata kai ya ɗaure wa manyan likitoci kai kafin ita. Laifinta ba rashin sani ba ne, laifinta furta irin wannan magana a kan rashin sani.

Mu Musulmi kuma an ba mu wannan darasin tun kafin a san akwai ƙwayar jini. Ya zo a Bukhari da Muslim daga Abu Huraira cewa wani mutum ya zo wurin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce matarsa ta haifi yaro baƙi, yana nufin yaron bai yi kama da shi ba. Aka tambaye shi ko yana da raƙuma, ya ce e. Wane launi? Ya ce jajaye. Akwai mai ruwan toka a cikinsu? Ya ce akwai. Daga ina ya samo wannan launin? Mutumin da bakinsa ya ce wataƙila wata jijiyar gado ce ta fizgo shi. Sai aka ce masa, to ɗanka ma wataƙila jijiyar gado ce ta fizgo shi, kuma ba a ba shi damar kore yaron ba. Duk lokacin da na karanta hadisin nan sai in tuna AO da BO. Jijiyar da ta fizgo O ɗin ɗanka ta taho ne daga kakanninka da kakanninta, tana wucewa shiru daga hannu zuwa hannu har ta haɗu da irinta.

Zan faɗa maka iyakar abin da rukunin jini ke iya yi, don kada gobe wani ya ce na rufe maka wani ɓangare. Rukunin jini ba ya tabbatar da cewa wane ne uban wane, don dubban maza a Jos rukuninsu ɗaya da naka. Abin da yake iya yi shi ne ya nuna rashin dacewa, kamar iyaye biyu masu O su zo da ɗa mai A, ko mai AB ya zo da ɗa mai O. Ko a nan ɗin ma mu ma'aikatan gwaji abin da muke fara zargi kwalba ce da biro, ba mace ba, don ana musanya kwalba, ana kuskuren rubutu, ruwan maganin gwaji yana lalacewa in wuta ta daɗe ba ta zo ba. Bayan haka akwai wasu nau'o'in jini da ba kasafai ake samunsu ba, kamar wanda aka gano a birnin Bombay na Indiya a 1952, inda mutum ke ɗauke da A ko B amma jikinsa ya kasa yin tsagar, sai gwaji ya karanta shi O. Naka bai ma shiga wannan layin ba. Naka ya dace daidai, babu inda ya goce.

Duk da haka ka sake yi wa yaron gwajin idan ya wuce wata shida, ba don wanke uwarsa ba, sai don a san rukuninsa na gaskiya. Tsagar jinin jariri ba ta gama nuna ba a kwanakin farko, kuma idan an yi masa canjin jini lokacin shawarar, gwajin da aka yi bayan nan yana iya karanta jinin wanda ya bayar. In ya tabbata O negatif ne, ka rubuta ka ajiye inda ba zai ɓace ba. Mai O negatif yana iya ba kusan kowa jajayen ƙwayoyinsa, amma shi ba ya karɓa sai daga irinsa, kuma masu negatif a ƙasar nan ba su kai ɗaya cikin goma ba. Sanin wannan yana ceton rai ranar gaggawa.

Shawarar abokinka kuwa ban yarda da ita ba. Ba wai gwajin DNA ƙarya yake yi ba, yana da inganci sosai. Amma me ya kai ka? Da bakinka ka rantse ba ka taɓa ganin abin zargi ba, hujja ɗaya tilo da kake da ita kuma ga ta ta rushe. Ka ɗauki jaririn da yake shan nono ka kama hanyar Akwanga da Keffi da shi a ɓoye, me za ka ce wa uwarsa? Ranar da ta gane, kuma za ta gane, sakamakon da ya wanke ta ba zai wanke ka ba. A shari'a ɗan da aka haifa a kan shimfiɗar aure na mijin ne, ba a kore shi sai ta hanyar li'ani, wato rantsuwar tsinuwa tsakanin miji da mata a gaban alƙali, wadda ke raba aure rabuwa ta har abada. Jifan mace mai kamun kai da irin wannan zargi ba tare da shaidu huɗu ba kuwa, ka buɗe farkon Suratun Nur ka ga matsayinsa. Ka tambayi malamin da ka amince da shi, zai faɗa maka abin da ya fi nawa nauyi.

Yanzu bari in yi maka faɗa kaɗan, don ka kira ni Hajiya, kuma na haifi kamarka. Ka ce ba ka gaya mata komai ba. Ɗana, ka gaya mata. Mace tana jego, ta kwana a asibiti da jariri mai shawara, ta dawo gida tana ganin mijinta ya daina zama a ɗakinta, ya daina miƙa hannu ga ɗan da ya sa wa sunan mahaifinsa, kana tsammanin ta yarda kasuwa ce? Wata uku tana juya abin a ranta, tana neman laifin da ta yi, ta rasa. Wataƙila ta zaci aure za ka ƙara, wataƙila ta zaci jikinta ne ya canza. Hukunci ka yanke mata, ka kuma zartar, ba tare da ta san tuhumar ba. Wannan shi ya fi damuna a wasiƙarka ta fuskar zaman aure.

Ka fara da yayarka, kuma gobe-goben nan. Ka je gidanta da ladabi, ita ta raine ka, ba za ka ɗaga mata murya ba. Ka zana mata AO da BO kamar yadda ka zana wa kanka, ka karanta mata hadisin raƙuman. Sannan ka tambaye ta kai tsaye, Yaya, wa kika gaya wa? Magana zarar bunu ce, kuma irin wannan in ta shiga dangi tana iya bin yaro har girmansa, wata rana a wajen rabon gado ko neman aure wani ya tono ta. Duk wanda ta faɗa wa, ita za ta koma da ƙafarta ta warware, kai kuma ka tabbatar ta yi.

Mai ɗakinka kuma, ra'ayina shi ne ta ji daga bakinka kafin ta ji a gidan suna ko gidan biki. Na san wasu za su ce ka rufe kawai ka gyara hali, kuma da ace maganar ba ta fita daga zuciyarka ba da na yarda da su. Amma ta riga ta kai kunnen mutum na biyu. Ka zauna da ita lokacin da yara suka yi barci, ka ce mata ka ga takarda ba ka fahimce ta ba, shaiɗan ya samu ƙofa, ka zalunce ta, kuma maganar kasuwa ba gaskiya ba ce. Kada ka jingina laifin ga yayarka, kai ne mijin, kai ka san matarka shekara shida. Za ta yi kuka, za ta iya yin kwanaki ba ta sake maka fuska ba. Haƙƙinta ne. Kada ka nemi ta yafe a daren don kai ka samu sauƙi.

Akwai kuma layi ɗaya a wasiƙarka da ka wuce shi da gudu, ni kuwa a kansa na tsaya na sake karantawa. Ka ce kai AS ne, ita AC, aka ce muku ba matsala. Wanda ya faɗa muku haka bai yi muku daidai ba. An bar jaki ana dukan taiki, wata uku kana fama da O wadda ba ta cutar da kowa, ga abin da ya kamata a duba yana zaune.

Da farko ka raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa. A ɗin da ke cikin AS ba shi ne A na rukunin jini ba, harafi ne kawai ya zo ɗaya. Rukunin jini maganar tsagar da ke bayan ƙwaya ce. Jinotaif kuwa maganar abin da ke cikin ƙwayar ne, sinadarin himogulobin mai ɗaukar iska zuwa sassan jiki. Shi ma ƙwayar gadonsa nau'i-nau'i ce. A ita ce lafiyayya, S ita ce ta sikila, sai C wadda ta fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, amma akwai ta a Najeriya. Su ma kunnen doki suke yi: jinin mai AS yana ɗauke da himogulobin A da S duka, shi ya sa na'urar gwaji ke nuna layi biyu. Mai AS da mai AC lafiyarsu ƙalau, don A ɗin da ke jikinsu tana riƙe aikin.

To sake ɗauko biron. Kai za ka ba da A ko S, ita za ta ba da A ko C. 'Ya'yanku za su iya zama AA, ko AC, ko AS, ko SC. Na ƙarshen nan ba shi da A ko kaɗan, kuma nau'in cutar sikila ne. Galibi ya fi SS sauƙi, har wasu sukan girma ba a gane ba, amma yana kawo ciwon ƙashi mai tsanani, yana taɓa ido har ya kai ga raunin gani, yana cin ƙashin ƙugu, kuma yana wahalar da mace lokacin goyon ciki. Rabonsa ɗaya cikin huɗu ne a kowane ciki, kuma kowane ciki lissafinsa sabo ne. Ba a cewa tunda na farko ya tsira na biyu ma zai tsira, ko kuma tunda an samu ɗaya sauran uku sun kuɓuta.

Ban faɗi wannan don in cire maka wata fargaba in sa maka wata ba. Rabon kowane ɗa ya tsira uku ne cikin huɗu, kuma ko an samu SC, yaron da aka gane da wuri yana rayuwa mai kyau in ana kula da shi: rigakafi a kan lokaci, gidan sauro, ruwa da yawa, magungunan da likita zai rubuta, duba ido lokaci-lokaci, da kai shi asibiti da zarar zazzaɓi ya taso. A gari irin Jos kuma sai an haɗa da rigar sanyi da safa, don sanyin Disamba da Janairu yana tayar da ciwon.

Ku je babban asibiti, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ko Jankwano. Ku fara da maimaita naku gwajin, kai da ita, don na sha ganin katin kafin aure da bai yi daidai da na baya ba. Yarinyar a yi mata yanzu. Jaririn kuwa ku gaya musu watanninsa, don har yanzu jininsa cike yake da himogulobin na jarirai wanda ke iya rufe sakamakon gwajin da aka saba yi. Likita zai ce ko a yi masa gwajin HPLC, wanda ke iya rarrabewa tun yanzu, ko a jira ya wuce wata shida. Idan sakamako ya fito, ku nemi zama da likitan jini ku biyu, ku yi maganar haihuwar gaba da shi.

Kafin ranar, ka zauna da mai ɗakinka ku tuna ko yarinyar ta taɓa kukan ciwon ƙafa ko hannu da daddare ba tare da ta faɗi ba, ko ta taɓa kumburin yatsu tana jaririya, ko idonta yakan yi ɗorawa in ta yi zazzaɓi. Uwa ta fi ka riƙe irin waɗannan, ita za ta ba likita labari. Kai kuma ka riƙe mata yaron a layin asibitin.